Rasuwar Ɗan Fari, Madubin Si Lazhar

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya rasa wurin zama, iyalan Si Lazhar Bin Jaballa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a garin Matir, tare da abokan tafiyarsa masu hawan Dutsen Ishkil duk ranar Lahadi, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ɗaga kai don ya kalli tsuntsu, rasuwar madubin hangen nesa na gidansu, wanda aka fi sani da Ɗan Fari. Ya rasu ranar Lahadin da ta gabata da hantsi, a tsakiyar lokacin fure, a kan siririyar hanyar da ke hawa ta cikin zaitun daji, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Bai faɗi ba, bai fashe ba, ruwa bai shige shi ba. Gyara shi aka yi, kuma gyaran ne ya zama ajalinsa.

Marigayin baƙo ne a asali. An ƙera shi a wata ƙasa mai sanyi, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Binzart rataye a wuyan wani matuƙi, a shekarar da Si Lazhar ya auri Lalla Shadliya, Allah ya jiƙanta da rahama. Amarya ce ta aiki ango ya sayo agogon bango. Ango ya dawo da yamma yana murmushi, riƙe da baƙin abu mai ido biyu a cikin jakar fata. Ta karɓa, ta juya shi, ta sake juyawa, sannan ta ce, "Ya Lazhar, idan baƙi suka tambayi lokaci, sai mu leƙo agogon maƙwabta da shi ko?" Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba. Haihuwa ta yi jinkiri a gidan, ga mijin kullum yana goge abin nan da safe yana lulluɓe shi da yamma, sai ta raɗa masa Ɗan Fari don ta ƙular da shi. Sunan ya bi shi. Da Allah ya kawo Ulfa, 'yarsu tilo, ta buɗe ido ta tarar tana da yaya.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai yi masa shaidar haƙuri da rufin asiri. Ya hango abubuwa da yawa daga nesa, har da waɗanda ba tsuntsaye ba, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana da nauyi, wannan ba a ɓoye ba, kuma wuyan Si Lazhar ya ɗan karkata saboda shi. Yana warin tsohuwar fata da man zaitun, domin ba a taɓa wanke hannu kafin a ɗauke shi ba idan tsuntsu ya gifta ana cikin cin abinci. Ba mai yawan magana ba ne. Idan aka buɗe jakarsa yakan ce ƙwas. Idan aka ware shi don ya dace da faɗin fuska yakan ce ƙiii, a hankali, kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana. A kan hanya kuwa yakan riƙa bugun maɓallan rigar mai shi, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har abokan tafiya kan san Si Lazhar na tafe tun bai ɓullo daga bayan dutse ba. Iyakar kalmominsa ke nan a duniya, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙarya da ko ɗaya ba.

Da farko Lalla Shadliya ba ta hawa dutsen don tsuntsu. Da kwandon abinci take bin mijin, burodi da yaji da dafaffen ƙwai, domin ta ce mutumin da zai iya komowa da madubi a maimakon agogo zai iya mantawa da cikinsa. Shi idonsa a sama, ita idonta a ƙasa saboda tsoron tuntuɓe, kuma da haka ta gano abin da mazan suka yi shekaru suna takawa. "Ya Lazhar," takan ce, "kai da kake neman ikon Allah a sama, ka take guda uku a ƙasa." Ita ce ta fara juya Ɗan Fari baibai, ta kai ƙaramin idonsa dab da fure, ta leƙa ta babban. Sai ga furen da bai kai farce ba ya zama gari guda, da lunguna da gashi da ƙurar zinariya. Wanda ta fi so shi ne ɗan furen nan mai kama da ƙudan zuma, mai shuɗin tabo a gadon baya, wanda ke fitowa a gindin duwatsu idan sanyi ya janye. Takan durƙusa a gabansa har gwiwarta ta yi tsami. Ba ta taɓa tsinke ko ɗaya ba, kuma ba ta yarda wani ya tsinka a gabanta. Wani malamin makaranta da ya taɓa miƙo mata damin jajayen furanni don girmamawa, cewa ta yi da shi, "Allah ya saka, ɗana. Gawa ka kawo mini, ina zan kai ta?"

A nan dole a yi wa waɗanda ba su san irin marigayin ba ɗan bayani, domin ba za su gane rasuwarsa ba sai sun san zobensa. Irinsa suna da abin murɗawa a tsakiya, wanda ke kusanto da nesa ga ido biyu gaba ɗaya. Ban da shi akwai wani ɗan zobe a idon dama kaɗai, wanda kowa ke murɗawa daidai da bambancin idanunsa, tun da ba kowa Allah ya yi wa ido biyu masu ƙarfi ɗaya ba. Idanun Si Lazhar daidai suke. Na Lalla Shadliya kuwa na dama ya fi rauni. Madubi ɗaya, mutum biyu. Saboda haka duk lokacin da ya bar hannun wannan ya koma na wancan, sai an yi faɗa.

"Kin sake murɗe mini zoben!"

"Kai ka fara murɗe mini shi. Haka na bar shi?"

"To ga shi nan, shahon ya wuce. Hankalinki ya kwanta."

"Shaho ne kaɗai a ƙasar nan? Gobe ma zai ji yunwa."

Wannan faɗa ya girmi Ulfa, kuma a cikinsa ta yi wayo. Tun marigayin na da ƙuruciya akwai 'yan zane-zane a jikin zoben da ke nuna inda aka tsaya. Yatsun mutum biyu suka yi ta kai da komo a kansu shekara da shekaru har suka shafe su ƙaƙaf. Bayan haka babu mai sanin wurinsa sai da idonsa.

A hawansu na ƙarshe tare, wani alhudahuda ya sauka a kan busasshen reshe can gefen hanya. Lalla Shadliya ta karɓi madubin, ta murɗa zoben zuwa nata, ta daɗe tana kallo. "Ji shi," ta ce, "ya baje tukku sai ka ce shi ya gina dutsen." Sannan ta cire igiyar daga wuyanta ta miƙa wa mijin. "Karɓi ɗanka, ya Lazhar. Yau ya yi mini nauyi." Ba ta taɓa cewa ya yi mata nauyi ba. Si Lazhar bai sake kallon komai ba ranar, ya mayar da shi jaka, ya riƙe hannunta suka gangara. Kafin shamuwa su bar sheƙunansu na kan turakun lantarki a wannan shekarar, an kai ta makwancinta.

Sai da furanni suka sake fitowa sannan ya iya buɗe jakar. Ƙwas. Ya tsaya a bakin fadama, ya ɗaga Ɗan Fari, ya ga hagu tar, dama dishi-dishi. Yatsansa ya tafi kan zoben da kansa, bakinsa har ya buɗe zai ce kin sake murɗe mini. Sai ya tsaya. Kayanta an raba, tabaranta an bayar sadaka, ƙamshinta ya bar ɗakin tun da daɗewa. Amma ga idonta na dama nan inda ta bar shi, babu wanda ya taɓa. Ya janye yatsansa, bai sake kai shi wurin ba.

Haka marigayin ya shiga kashi na biyu na rayuwarsa, kuma iyalan suna ganin a nan ya fi yin aikin lada. Si Lazhar da a da ake kira ya raba gardama idan an ga tsuntsu daga nesa, ya koma abin dariya a cikin tawaga. Kallo da ido ɗaya garau ɗaya hazo yana kawo ciwon kai, yana kuma kawo kuskure. Ya kira agwagwa dinya. Ya kira kututture makwarwa, har ya sa mutane suka yi tsit suna jiran ta motsa. Am Tijani, abokinsa tun na makaranta, mutumin da bai taɓa barin dama ta wuce shi ba, ya taɓa dafa kafaɗarsa ya ce, "Si Lazhar, gaggafar nan taka leda ce iska ta ɗauko. Amma gaskiyarka, ta iya shawagi." Aka ce tsufa ne. Aka ce ya je a duba masa ido, ya ce to. Aka ce ya kawo madubin a gani, ya ce a'a, da muryar da ta sa ba a sake tambaya ba. Daga nan aka ƙara masa da sunan marowaci. Ya ɗauki duka, kuma ko 'yarsa bai faɗa wa dalili ba. Ya kuma gaji aikin matarsa. Mutumin da a da yake take fure bai sani ba, ya koma durƙusawa a gindin duwatsu da gwiwoyin da ba sa son durƙuso, yana gaida ɗan furen nan mai kama da ƙudan zuma a madadin wadda ba ta zo ba.

Game da jinyar ƙarshe, gajeriya ce ƙwarai. Ranar Lahadin ta zo da kyau irin wanda ke sa mutum ya saki jiki. An yi ruwa mai yawa bana, tafkin da ke gindin dutsen ya cika ya tumbatsa, ɓauna na kiwo a fadama da balbela a bayansu. Gefen dutsen ya yi rawaya da ja har ido na ƙyalli, tsattsewa sun dawo, tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma suna wucewa a sama suna kiran juna. A cikin tawagar akwai Ulfa da mijinta Nizar, mai sayar da magani, mutum mai kirki da saurin taimako, wanda bana ya fara bin surukinsa hawan dutse don ya faranta masa. Ya karanta duk abin da ake karantawa a kan tsuntsaye. Abu ɗaya ne ba a rubuta a ko'ina ba.

A tsakiyar hawa Si Lazhar ya hango furen a wani tsagi, ƙasa da hanya, inda sai an dafa dutse da hannu biyu kafin a kai. Ya ji tsoron kada Ɗan Fari ya bugi dutse. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa wa surukinsa, abin da bai yi wa kowa ba tun rasuwar matarsa, ya ce, "Riƙe mini, ɗana. Riƙewa kawai." Ya gangara ya durƙusa. Ana haka sai Am Tijani ya yi ihu yana nuna sama. Garken shamuwa ne, masu yawan gaske, sun taso daga kudu suna juyi a bisa tafkin. Duk mai madubi ya ɗaga nasa. Nizar ya ɗaga wanda ke hannunsa. Ƙiii. Ya ga dama dishi-dishi, sai ya yi abin da kowane mai kallon tsuntsu a duniya zai yi ba tare da ya yi tunani ba. Ya rufe idon hagu, ya kai yatsa kan zoben, ya murɗa.

Da Si Lazhar ya hauro yana haki, surukin ya tarbe shi da fara'a. "Baba, ashe ba idonka ba ne! Zoben dama ne ya goce, wa ya san tun yaushe. Na gyara maka shi. Duba ka gani, don Allah duba!"

Ulfa na biye da kwandon abinci. Da ta ji an ce zoben dama, ta tsaya cak. Faɗan da ta taso a ciki ya dawo mata gaba ɗaya, da kuskuren mahaifinta na shekarun nan, da rowarsa, duk ta gane su a lokaci guda. Kwandon ya suɓuce, ƙwai suka gangara cikin ciyawa.

Si Lazhar ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga. Ya ga tafkin tar, ya ga shamuwa ɗaya bayan ɗaya, da jan baki da baƙin gefen fiffike, ya ga har kwale-kwalen masunta a can ƙetare. Rabonsa da ganin duniya sarai haka tun tana raye. Ya sauke madubin a hankali, ya ce, "Na gode, ɗana. Ya gyaru." Sai ya nemi dutse ya zauna, ya ɗora shi a cinya, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne ta. Iyalan sun ɗauki wannan lokacin a matsayin lokacin rasuwa.

An yi iya ƙoƙari. Shi da kansa ya yi ta murɗa zoben baya, amma baya zuwa ina? Zanen ya shafe, kuma kowane hazo ya samu, hazo ne kawai. An kai marigayin wurin mai gyaran agogo na bakin kasuwa, ya duba ciki da waje, ya ce, "Si Lazhar, wannan ai lafiyarsa lau, zai binne mu duka." Ba a yi masa musu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga ƙarshe Ulfa, wadda ta gaji raunin idon dama daga mahaifiyarta, ta ɗauka ta murɗa daidai da nata, ta miƙa masa. "Gwada, Baba." Ya gwada, ya daɗe bai sauke ba, har mutanen ɗakin suka fara sa rai. Sannan ya shafa kanta ya ce, "Kusa ne, 'yata. Kusa ne ƙwarai. Amma wannan ke ce."

Marigayin ya rasu ya bar mai riƙonsa, Si Lazhar, da ƙanwarsa Ulfa. Ya bar jakar fata da ta yi masa hidima tun daga Binzart, da igiya ta uku, domin biyun farko sun riga shi. Ya bar murfin ido guda, ɗan uwan murfin kuwa ya ɓata a fadama tun Ulfa na goye, kuma har yau ba a daidaita a kan wanda ya yar da shi ba. Ya bar wani tsohon ƙyallen goge gilashi da aka yanko daga gyalen Lalla Shadliya. Ya bar Am Tijani, wanda tun ranar Lahadi bai zolayi kowa ba, yana zuwa ya zauna a ƙofar gida ya sha shayi ya tashi. Ya bar alhudahuda da shamuwa da tsattsewa masu yawa, waɗanda ba su san an yi rashi ba. Gidan kuma har yanzu babu agogon bango.

Iyalan suna roƙon masu zuwa ta'aziyya su kiyaye harshensu game da Nizar. Tun da matarsa ta faɗa masa abin da ya murɗa, bai buɗe kantinsa ba, abinci ma sai an matsa masa. Ya zo ya durƙusa a gaban surukinsa yana neman gafara. Si Lazhar ya ɗaga shi ya ce, "Tashi, ɗana. Ni ma shekara nawa na yi ina murɗe mata shi, kuma ni da sani nake yi." Saboda haka duk wanda ya zo da karin maganar gira da ido a bakinsa, ya haɗiye ta tun daga zaure. Haka kuma masu niyyar kawo sabon madubi, mai sauƙin nauyi, wanda ruwa ba ya shiga, Allah ya saka musu da alheri, su bar shi a gida. Masu cewa ai ƙarfe ne da gilashi, an ji, gaskiya suka faɗa. Sabo ake yi wa kuka.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu. Ba za a yi masa salla ba, tun da ba ta hau kansa ba, amma duk mai addu'a a baki ya aika wa Lalla Shadliya. Za a taru da safe a maƙabartar gari, inda Si Lazhar zai cika ɗan kwarmin da ke kan kabarinta da ruwa saboda tsuntsaye, kamar yadda ya saba. Daga nan za a wuce ƙofar gandun dajin da dutsen ke ciki, a hau shi a ƙafa. Nizar ne zai ɗauki marigayin a wuyansa, bisa umarnin Si Lazhar, kuma ba a karɓi uzurinsa ba. Kada kowa ya zo da fure, kada kuma a tsinki ko ɗaya a hanya. A sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙa duba inda ake takawa. Ba za a binne shi a dutsen ba, domin ba a barin komai a gandun. Bayan an sauko za a naɗe shi a farin mayafinta, a sa shi a ƙasan akwatin kayanta, a rufe.

Kafin a sauko, a wurin busasshen reshen nan na gefen hanya, Si Lazhar zai karɓe shi ya ɗaga shi sau ɗaya na ƙarshe. Duk tsuntsun da ya gifta zai faɗi sunansa, kuma zai faɗa daidai. Ana roƙon jama'a, don girman Allah, kada kowa ya yi masa barka.